Idan Sabon Littafin Binciken Laifi Ya Sanyaya Maka Gwiwa: Yadda Za Ka Auna Shi Kafin Ka Yanke Hukunci

Duk wanda ya daɗe yana bin jerin littattafan binciken laifi, irin waɗanda jami'i ɗaya yake dawowa littafi bayan littafi yana warware sabon kisan kai, ya san wannan yanayin. Ka yi shekara ɗaya ko biyu kana jiran sabon fitowa, ka biya kuɗi masu kauri domin littafin da aka shigo da shi daga waje ba ya araha, ka keɓe masa dare guda, amma tun kafin ka kai shafi na ɗari sai ka lura hannunka yana yawan komawa kan waya. Da ka rufe bangon baya, ka ji a ranka cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A nan yawancinmu mukan ce marubucin ya ƙare, ba shi da sauran abin faɗa. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Sau da yawa kuwa abin da ya ɓata mana rai abu ɗaya ne takamaimai, kuma idan ka iya kiran sunansa, shi zai gaya maka ko ya kamata ka sayi na gaba ko ka riƙe kuɗinka.

Da farko ka bar littafin ya kwana biyu ko uku kafin ka faɗa wa kowa ra'ayinka, domin fushin daren farko yakan cakuɗa laifin littafin da gajiyar jiki da takaicin kuɗin da suka tafi. Bayan haka ka ɗauko shi da fensir a hannu, ka nemi shafin da zuciyarka ta fara sanyi. Kusan kullum akwai irin wannan shafin, kuma ba ya wuyar ganewa, domin shi ne inda ka fara tsallake layuka, ko inda ka fara matse sauran takardun da yatsu biyu kana auna nawa suka rage. Ka sa masa alama, sannan ka rubuta a cikin bango, da jimla ɗaya kawai, abin da yake faruwa a wurin.

Na taɓa yin haka da littafi na goma sha tara a wani jeri da na fara bi tun ina sakandare. Na rantse wa abokaina cewa ƙarshen labarin ne ya lalata komai, amma da na koma da fensir sai na tarar alamata ta faɗa tun a babi na shida, inda sufeton ya shafe shafuka masu yawa yana gardama da ƙanwarsa kan sayar da gidan gado, gawar da aka tsinta a babi na farko kuwa tana ajiye a asibiti ba wanda ya waiwaye ta. Ƙarshen bai fi na baya muni ba. Ni ne na iso gare shi a gajiye, raina ya riga ya ɓaci, saboda haka na ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Gwajin adalci

Littafin binciken laifi ya bambanta da sauran ƙagaggun labarai ta fuska ɗaya: akwai alkawari tsakanin marubuci da mai karatu. Marubuci ya yarda zai shimfiɗa duk alamomin da ake buƙata a gaban idonka, ya yi iya dabararsa ya karkatar da hankalinka daga gare su, amma ba zai ɓoye su a aljihu ba. Tun a 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan labarai, ya tsara ƙa'idoji goma na wannan alkawarin. Daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun a farkon labari, kada a kawo aljanu ko tsafi su warware ƙulli, kada a ƙirƙiro gubar da ba wanda ya san da ita, kada sa'a ko wani tunani da ya faɗo daga sama ya taimaki mai bincike, kuma kada a fito da tagwaye a ƙarshe ba tare da an share fage ba. Wasu daga cikin ƙa'idojin da raha ya rubuta su, kuma manyan marubuta sun sha karya su, amma ruhinsu yana nan har yau a zuciyar duk mai karatun da ya ji an cuce shi.

Ga yadda za ka yi gwajin. Tun da yanzu ka san wanda ya yi kisan, ka koma baya ka nemi shafin da aka fara ambatarsa, ka rubuta lambar. Sannan ka karanta babin da jami'in ya tara mutane ko ya zauna da mataimakinsa yana bayanin yadda ya gano gaskiya, ka fitar da hujjojin da ya kafa ɗaya bayan ɗaya. Kowace hujja ka bi sawunta zuwa baya. Idan ya ce agogon falo ne ya tona asiri, ka nemi inda aka nuna maka agogon, ka duba ko an faɗi lokacin da yake nunawa. Idan ka sami mafi yawan hujjojin a kwance a shafukansu, kai ne ka wuce su da gudu, to marubucin ya yi nasara a kanka da halal, kuma abin da kake ji ɗacin kaye ne, wanda yakan koma daɗi bayan kwana biyu. An yi zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa, kuma dama don haka ka sayi littafin. Idan kuwa ka tarar mai laifin bai bayyana ba sai a shafuka hamsin na ƙarshe, ko sakamakon wani gwaji daga ɗakin bincike ya iso ta waya daidai lokacin da labari ya cije, ko wani ya taso haka kawai ya amsa laifinsa, to kana da hujjar fushi, kuma ka san sunanta.

Wannan gwajin yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu. A ganina shi ne mafi amfani cikin duk abin da zan faɗa, domin marubucin da ya fara yin sakaci da alamomi da wuya ya dawo daidai a littafi na gaba, alhali wanda ya yi dogon surutu a tsakiya amma ya riƙe alkawarin yana iya gyarawa idan ya sami editan da zai iya ce masa a'a.

Gwada ƙwaƙwalwarka

Abu na gaba shi ne ka tuhumi kanka. Idan muka ce littattafan farko sun fi, galibi muna kwatanta sabon littafi ɗaya da mafi kyawun wurare na littattafai goma da ƙwaƙwalwa ta tace ta haɗa su wuri guda. Ka ɗauko ɗaya daga tsakiyar jerin, kada ka zaɓi wanda ka fi so, ka karanta babi uku na farko. Za ka iya tarar da kurakuran da ka yafe a da. Misalin da aka fi sani yana cikin labaran mai binciken laifi Sherlock Holmes: a littafin farko na 1887 an ce harsashi ya sami abokinsa likita Watson a kafaɗa a yaƙin Afganistan, amma a na biyu, na 1890, sai ga shi yana jinyar tsohon rauni a ƙafa. Masu karatu ba su fasa son labaran ba saboda wannan, don a lokacin komai sabo ne a wurinsu.

Kukan cewa jami'in ba kamar da ba ma tsoho ne. Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Holmes, ya gaji da shi har ya jefa shi a wani magangarar ruwa a Suwizalan a labarin da ya fito a Disamba 1893, sannan matsin masu karatu da tayin kamfanonin ɗab'i suka sa ya dawo da shi da rai a 1903. Doyle da kansa ya ba da labarin wani mai kwale-kwale da ya gaya masa cewa wataƙila Holmes bai mutu a faɗuwar nan ba, amma tun daga ranar bai sake zama mutumin da aka sani ba. Duk da haka labaran suka ci gaba har 1927, kuma akwai masu kyau a cikin na baya-bayan. Idan ka karanta tsohon littafin da ka ɗauko daga tsakiyar jerin ka ji shi ma bai kama ka ba, to kai ne ka canza, wataƙila ka karanta irin wannan zubin har ka haddace shi, kuma hutun shekara guda daga wannan marubucin zai fi maka amfani da rubuta masa wasiƙar ƙorafi.

Idan tsohon ya kama ka kamar ranar farko, to lallai wani abu ya sauya a ɓangaren marubucin, kuma sai ka gano wane iri ne, domin ba magani ɗaya suke da shi ba.

Akwai sauyin da marubuci ya yi da gangan. Patricia Cornwell ta fara labaran likitar binciken gawa Kay Scarpetta a 1990, kuma shekara goma likitar ce take ba da labari da bakinta, mai karatu yana tsaye a bayanta a ɗakin gawa yana jin abin da take ji. A littafin 2003 sai marubuciyar ta janye wannan muryar, ta koma ba da labarin daga waje tana shiga kawunan mutane daban-daban har da masu kisan. Masu karatu da yawa sun ji kamar an raba su da aminiya, kuma a 2010 ta mayar wa likitar da bakinta. Irin wannan sauyin ana gane shi tun a shafin farko. Idan shi ne damuwarka, ka tambayi kanka ko littafin zai burge ka da a ce sunan wani jami'in daban ne a jikinsa. Idan amsar e ce, littafin ba shi da laifi, sabo ne yake ja maka baya, kuma ya dace ka ba sabon salon dama sau ɗaya kafin ka juya masa baya.

Akwai kuma matsalar shekaru, wadda kowane dogon jeri yake cin karo da ita. Ian Rankin ya bar sufetonsa John Rebus na birnin Edinbura yana tsufa daidai da kalanda tun daga 1987, saboda haka da ya cika sittin a littafin 2007 dole ya yi ritaya, kuma da ya dawo a 2012 farar hula ne mai taimakawa wajen tono tsofaffin shari'o'in da ba a warware ba. Mutumin da ba shi da katin aiki ba zai iya kama kowa ba, don haka dole yanayin labarin ya sauya. Sue Grafton ta bi wata hanyar, ta tsayar da agogo: daga 1982 zuwa 2017 ta rubuta littattafai 25, amma jami'arta ba ta fita daga shekarun 1980 ba, ba wayar hannu, ba intanet, sai katunan rubutu da akwatin waya na bakin titi. Kowace hanya tana da masu jin haushinta. Ka duba wadda marubucinka ya bi, domin idan tsufan jami'in ne yake damunka, abin ba zai ragu a littafi na gaba ba, ƙaruwa zai yi.

Sai gajiya ta gaskiya, wadda ta fi sauran ban tausayi. Alamominta su ne maimaita bayani ɗaya a bakin mutane uku, tattaunawar da ba ta matsar da bincike ko taku ɗaya, da kuma ƙullin da mai karatu ya kwance tun a tsakiya. Littafin jami'in bincike Hercule Poirot da Agatha Christie ta fitar a 1972, tana da shekara fiye da tamanin, ya sha irin wannan sukan. A 2009 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Toronto ta Kanada, Ian Lancashire da Graeme Hirst, sun auna kalmomin littattafanta da kwamfuta, suka ga a na ƙarshe-ƙarshen yawan kalmomi mabambanta ya ragu sosai, maimaici da kalmomi marasa takamaiman ma'ana sun ƙaru, har suka yi hasashen cewa cutar mantuwa ce ta fara taɓa ta. Abin lura shi ne littafin Poirot na ƙarshe, wanda ya fito a 1975, ya fi waɗannan ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda ta rubuta shi tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta ajiye. Wannan ya isa ya nuna maka cewa shekarar da aka buga littafi ba lallai ita ce shekarar da aka rubuta shi ba, kuma yana da kyau ka bincika kafin ka ce marubuci ya farfaɗo ko ya durƙushe.

Na ƙarshe shi ne sauyin hannu, kuma wannan ana kama shi kafin a biya kuɗi idan an lura. Ka dubi bangon gaba da kyau, musamman ƙaramin sunan da yake ƙarƙashin babban, sannan ka buɗe shafin haƙƙin mallaka da yake bayan shafin take. Stieg Larsson na Suwidin ya rasu a 2004 kafin a buga littattafansa uku, kuma na huɗu a jerin, wanda ya fito a 2015, David Lagercrantz ne ya rubuta shi. Sababbin labaran Poirot da suka fara fitowa a 2014 aikin Sophie Hannah ne, da izinin iyalan Christie. Lee Child ya fara haɗa hannu da ƙaninsa Andrew a labaran Jack Reacher daga 2020. Ba yaudara a ciki tun da an rubuta a bango, amma babban suna yakan cika ido har ƙaramin ya ɓace. Iyalan Grafton kuwa, da ta rasu a Disamba 2017 saura littafi ɗaya ta kammala jerin, sun ce ba wanda zai ƙarasa mata. Ni dai na fi ganin girman wannan matsayin, ko da yake na san masu karatun da suka fi son a ci gaba ko da hannun wani ne.

Yadda za ka faɗa wa wasu

Idan za ka rubuta sharhi ko ka ba aboki labari, ka fara da faɗin littattafai nawa ka karanta a jerin, domin ra'ayin wanda ya bi ashirin daban yake da na wanda ya fara da wannan. Sannan ka faɗi abin da fensirinka ya gano, da lambar babi idan zai yiwu. Cewa "binciken ya tsaya cik daga babi na shida zuwa na goma sha ɗaya" yana amfanar mai saye, cewa "littafin shirme ne" kuwa ba ya gaya masa komai sai yanayin ranka. Kada ka ambaci sunan mai laifi, kada ka faɗi wanda ya mutu daga cikin mutanen da aka saba da su, kuma ka guji irin zancen nan na "ku sa ido a kan direban", domin shi ma tona asiri ne da aka yi masa lulluɓi. Za ka iya cewa hujjar ƙarshe ba ta da tushe a farkon littafi ba tare da ka faɗi mece ce ba. Ka kuma raba aikin da mutumin da ya yi shi. Ba ka san ko rashin lafiya ko rasuwa ko wa'adin kamfanin ɗab'i ne ya matse shi ba, kuma labarin Christie ya isa ya sa mutum ya tauna kalmar "lalaci" kafin ya furta ta.

Saye ko bari

Wanda ya taso da littattafanmu na Hausa masu fitowa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ya san yadda ake jan labari don a ƙara kashi, kuma ya san dabarar da ake yi: a bari wani ya fara saye, a ara, in ya yi daɗi a nemi nasa. Dabarar tana aiki a nan ma. Idan gwajin adalci ya nuna marubucin ya riƙe alkawari, tsakiyar ce kawai ta yi nauyi, ka sayi na gaba amma kada ka yi gaggawa. Bugun farko mai kaurin bango shi ne mafi tsada, mai laushin bango yakan biyo baya da watanni a farashi mai sauƙi, kuma kafin lokacin ra'ayoyin waɗanda suka karanta a natse sun fito, ba na masu ɗokin makon farko kaɗai ba. Shagunan littattafai na intanet da yawa suna barin mutum ya karanta shafukan farko kyauta, kuma waɗannan sun isa su nuna maka wanda yake ba da labarin da kuma ko an shiga bincike da wuri. Masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin jami'o'i da kasuwanni su ma sukan samu irin waɗannan bayan shekara ɗaya ko biyu.

Idan kuwa alkawarin ne aka karya, ƙa'idata ita ce littafi biyu a jere. Ɗaya yana iya zama tuntuɓe, domin ko Georges Simenon da ya rubuta littattafan Sufeto Maigret har 75 tsakanin 1931 da 1972 ba duka suka zo daidai ba. Idan na biyu ma ya faɗi a gwajin, nakan tsaya, in zaɓi littafin da nake ganin nan ne labarin ya kai ƙarshensa na gaskiya, in ɗauke shi a matsayin rufewa. Jerin nan da na ambata a farko, na karanta na ashirin aro daga wurin wani abokin aikina, na tarar gidan gadon har yanzu ba a sayar ba, mai kisan kuma ya shigo labari a babi na biyun ƙarshe. A kan kantata jerin ya tsaya a na goma sha huɗu, sauran biyar ɗin na ba ƙanena da ya fara karanta su bana.